Kwalaye uku a bayan gwangwanin Milo: Me ya sa masu ciwon zuciya ke daina shan maganin kolestarol?

Wata ranar Lahadi na je gaishe da Kawu a gidansa da ke Catford, cikin ƙaramar hukumar Lewisham a kudu maso gabashin Landan. Hajiya tana tuƙa tuwo, ta ce in miƙo mata daddawa daga kabad ɗin sama. Ina ture gwangwanin Milo sai ga kwalaye uku na maganin atorvastatin, ko ɓare su ba a yi ba. Na duba takardar da kemis ya manna a jikinsu. Sunan Kawu ne, na wata uku a jere.

Sai da na dafa bango. Wata tara kafin wannan rana, a bakin titi motar asibiti ta ɗauki mutumin nan. Direban tasi ne, shekararsa 57, ya haura shekara ashirin a Landan. Yana cikin tuƙi ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, gumi ya karyo masa, ya samu ya gangara gefe. Fasinjan da ya ɗauko ne ya kira 999, Allah ya saka masa da alheri. Aka wuce da shi kai tsaye King's College Hospital da ke Denmark Hill, ɗaya daga cikin cibiyoyin da motocin asibitin Landan ke kai masu babban bugun zuciya ko da akwai wani asibitin da ya fi kusa. A daren aka bi ta jijiyar wuyan hannunsa aka buɗe hanyar jinin da ta toshe, aka sa masa sitent, wani ɗan ƙarfe mai kama da raga da ke tokare hanyar don kada ta sake rufewa. Bayan kwana uku aka sallame shi da leda ɗauke da magani kala biyar.

Huɗu daga ciki bai taɓa fashin shan su ba. Na biyar ɗin ne na tarar a kabad. Kuma duk wata sai ya je kemis ya karɓo ya ajiye, don kada wani ya gane.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na shekara da shekaru ina karanto wa marasa lafiya takardar sallama. Na san irin wannan yana faruwa. Ban dai taɓa kawo wa raina cewa zai faru a gidanmu ba.

“Ai an gyara”

A asibiti ni nas ce. A gidan Kawu kuwa 'yar ƙanwarsa ce kawai, wadda ya sha saya wa alewa a Zariya. Duk da haka na kasa haƙuri. Bayan an ci abinci na ajiye kwalayen a gabansa na ce, “Kawu, wannan fa?”

Bai ko girgiza ba. Ya ce, “'Yar nan, ai an gyara wurin. An sa ƙarfe. Kuma da aka auna jinina bayan wata uku likita da bakinsa ya ce maiƙon ya sauka, ya yi kyau. To me zan ci gaba da sha?”

Na ce, “Ai maganin ne ya saukar da shi.”

Ya ce, “Ƙafafuna fa? Tun da na fara shan abin nan cinyoyina ke tsami. Kuma an turo mana a WhatsApp cewa hanta yake cinyewa. Yanzu tafarnuwa nake sha da lemun tsami da safe, ga zogale.”

A nan na yi kuskure. Na ce masa tsamin ƙafar nan a ransa ne kawai yake. Fuskarsa ta canza, ya ɗauki carbinsa ya ce lokacin la'asar ya yi. Na koma gida ina jin haushin kaina, domin abin da nake hana ɗaliban jinya yi a ɗakin marasa lafiya shi na yi wa kawuna.

Dalilan nan uku da ya kawo, an gyara, gwaji ya yi kyau, jikina yana ciwo, su ne nake ji daga bakin marasa lafiya kusan kowane mako, Turawa da baƙaƙe da 'yan Asiya. Kowanne yana da amsa, kuma ya kamata a ba da ita cikin mutunci.

Abin da ke faruwa a bangon jijiya

Yawancinmu muna ɗaukar jijiyar jini kamar bututun famfo da datti ke taruwa a ciki har ya toshe. Abin ya ɗan bambanta. Kolestarol, wato maiƙon da ke yawo a jini, musamman nau'in da ake rubutawa LDL a takardar gwaji, kutsawa yake yi cikin bangon jijiyar kansa. Shekara da shekaru yana taruwa a can, jiki yana ƙoƙarin yaƙarsa, wurin yana kumbura. A ƙarshe sai ya zama kamar maruru a cikin bangon, ciki cike da maiƙo, sama an rufe da 'yar fata.

Mutum zai iya yawo da irin wannan maruru shekara ashirin bai ji komai ba. Ranar da fatar ta yage, jini zai ɗauka rauni ne, sai ya daskare a wurin. Gudan jinin nan shi ke rufe hanya cikin 'yan mintuna, tsokar zuciyar da ke gaba ta rasa jini ta fara mutuwa. Wannan shi ne bugun zuciya. In a hanyar ƙwaƙwalwa abin ya faru, shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Manyan hanyoyin da ke ciyar da zuciya uku ne, kowace da rassanta. Sitent ɗin da aka sa wa Kawu tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba. Wuri ɗaya ya gyara, wanda ya fashe a daren. Sauran marurun da ke wasu sassan suna nan inda suke, kuma ba lallai sai wanda ya fi girma ne ke fashewa ba. Sau da yawa wanda bai ma tare hanya sosai ba, amma fatarsa ta yi siriri, shi ke jawo bugu na biyu. Ba a bin kowanne a sa masa ƙarfe. Magani ne kaɗai ke isa ko'ina, tunda cikin jini yake bi.

Mafi yawan kolestarol ɗin da ke jikinmu hanta ce ke ƙera shi, ba daga kwanon abinci yake zuwa ba. Shi ya sa za ka ga siririn mutum, mai yawan azumin nafila, amma gwajinsa ya hau. Magungunan da ake kira sitatin, irin su atorvastatin da rosuvastatin da simvastatin, rage wa hanta wannan ƙira suke yi, sai ita kuma ta shiga janye LDL daga jini. Ranar da aka daina sha, hanta ta koma aikinta, cikin 'yan makonni lambar ta koma inda ta fito. Saboda haka in likita ya ce gwaji ya yi kyau, nufinsa maganin yana aiki, a ci gaba.

Daga funfuna zuwa kabad ɗin Kawu

Maganin nan ba jiya aka fara shi ba. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, shi ya gano na farko a shekarun 1970 daga wata funfuna, bayan ya gwada dubban nau'o'inta. Ya rasu a 2024 yana da shekara 90. A 1994 aka fitar da sakamakon wani bincike da ake kira 4S, wanda aka yi a ƙasashen arewacin Turai kan mutum 4,444 masu ciwon zuciya. Waɗanda suka sha simvastatin na kimanin shekara biyar, mace-mace a cikinsu ya ragu da kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su sha ba. Daga baya masana a Jami'ar Oxford da abokan aikinsu suka tattara manyan bincike masu yawa, suka ga cewa duk saukar LDL da maki ɗaya a ma'aunin da ake amfani da shi a nan Birtaniya yana rage haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar.

Wanda ya fi burge ni shi ne binciken PACMAN-AMI da aka wallafa a 2022, ƙarƙashin jagorancin likitocin birnin Bern na Suwizalan. Mutum 300 aka ɗauka, duk waɗanda bugun zuciya bai daɗe da samunsu ba. Aka zura na'urar ɗaukar hoto cikin sauran hanyoyin jinin zuciyarsu, waɗanda ba su toshe ba, aka auna marurun da ke ciki. Kowa aka ba shi rosuvastatin, rabinsu kuma aka ƙara musu allurar alirocumab duk mako biyu. Bayan shekara ɗaya aka sake leƙawa. A ɓangarorin biyu maiƙon ya ragu, fatar da ke rufe da shi ta ƙara kauri. A wurin masu allura, waɗanda LDL ɗinsu ya fi sauka, raguwar ta haura ninki biyu.

Kada a ɗauka jijiyar ta koma ta ɗan yaro. Raguwar kaɗan ce, kusan kashi biyu cikin ɗari ko a wurin masu allurar. Amfanin yana ga fatar nan da ta yi kauri, domin maruru mai kaurin fata ba ya saurin fashewa.

A Ingila, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin magani ta ce wanda ya yi bugun zuciya a fara masa da atorvastatin mai ƙarfin miligiram 80, sai in akwai dalilin ragewa, kamar ciwon ƙoda. Tun Disamban 2023 ta sa maƙasudi: LDL ya sauka zuwa 2.0 ko ƙasa da haka. Masu karatu a Amurka da sauran wuraren da ke amfani da ɗaya ma'aunin, wannan ya yi daidai da kusan 77. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ma ƙasa da 1.4 take so. In sitatin kaɗai bai kai mutum can ba, ana ƙara ezetimibe, ƙwayar da ke hana hanji tsotsar kolestarol. Akwai kuma allurai, ciki har da inclisiran da NICE ta amince da ita a 2021, wadda bayan allurai biyun farko sau biyu kawai ake yinta a shekara.

Tsamin ƙafa ba ƙarya ba ne

Bayan mako guda na koma Catford da lemo da ayaba. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Kawu, ku yi haƙuri da maganar da na yi. Ku faɗa min yadda ciwon yake.”

Ya yi bayani dalla-dalla: cinyoyi biyu, ya fi tsanani da yamma bayan ya sauka daga mota. Na tambaye shi ko ya tafi tun da ya daina shan maganin. Ya ce ya ragu. Hajiya daga kicin ta ɗaga murya ta ce, “Alhaji, ai ko shekaranjiya sai da na shafa maka man zafi.” Ya yi shiru, sannan ya yi dariya.

Sai na ba shi labarin wani bincike da aka yi a nan Landan, a Imperial College, mai suna SAMSON, wanda ya fito a 2020. Mutum 60 aka samo, dukkansu sun daina shan sitatin saboda ya dame su. Aka ba kowa kwalabe 12, ɗaya a kowane wata. Huɗu na ɗauke da atorvastatin, huɗu na ɗauke da ƙwaya mai kama da shi amma babu magani a cikinta, huɗu kuma babu komai. Kullum mutum zai rubuta a waya yadda jikinsa yake. A watannin da ba a shan komai, matsakaicin makin ciwo 8 ne cikin 100. A watannin maganin gaske ya kai 16. A watannin ƙwayar da ba komai a cikinta, 15. Wato kashi 90 cikin ɗari na damuwar daga haɗiyar ƙwaya take zuwa, ko wace iri ce. Ciwon na gaske ne, mutanen sun ji shi a jikinsu. Da aka nuna wa kowa sakamakonsa, rabinsu sun koma shan maganin.

Wannan bai nuna sitatin ba ya taɓa tsoka ba. Yana taɓawa, a wurin mutane kaɗan. Babban nazarin Oxford na 2022 ya nuna ƙarin mutum kusan 11 cikin 1,000 ne ke samun ciwon tsoka saboda shi a shekarar farko, yawanci mara tsanani. Akwai kuma lalacewar tsoka mai haɗari wadda ba kasafai ake ganinta ba. Alamarta ciwo mai tsanani, kasala, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Wanda ya ga haka ya dakata da maganin ya nemi likita a ranar.

Batun hanta kuwa, ana auna ta kafin a fara, a sake bayan wata biyu zuwa uku, a sake bayan shekara. Mummunar illa gare ta abu ne mai wuyar samu. Gaskiya ne maganin yana ɗan ƙara yiwuwar ciwon suga, musamman ga wanda dama yake bakin gaɓa, amma ga wanda zuciyarsa ta taɓa bugawa, amfanin ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Mai ciki ko mai neman haihuwa ba ta sha. Wasu magunguna, kamar clarithromycin da ake bayarwa don ciwon ƙirji, ba sa jituwa da shi, haka ma ruwan garehul, babban lemon nan mai ɗaci. Shi ya sa ake son mutum ya riƙa nuna wa mai kemis duk abin da yake sha, har da na gargajiya.

Wani abu da ya shafe mu baƙar fata: gwajin jinin da ake yi don duba lafiyar tsoka, wanda ake kira CK, a ɗabi'ance ya fi hawa a jikinmu fiye da na Turawa, musamman maza. In aka ce naka ya ɗan hau, ka tambaya ko an yi la'akari da wannan kafin a yanke hukuncin tsayar da magani.

Tafarnuwa, manja da kuɗin kemis

Ban hana Kawu tafarnuwarsa ba. Zogale ganye ne mai kyau, a yi kwaɗo a ci. Sai dai babu ɗaya daga cikinsu da aka gwada a kan dubban masu ciwon zuciya aka ga ya hana bugu na biyu, kuma lemun tsami ba ya wanke jijiya, tunda maiƙon a cikin bango yake.

Abinci yana da nasa rabon. A kasuwar Lewisham da shagunan Deptford High Street babu abin da ba ma samu, daga manja har ganda. Kusan rabin manja irin maiƙon nan ne mai ɗaga LDL, man shanu ma haka, ga kitsen da ke jikin tsire da balangu. Man gyaɗa da man zaitun sun fi sauƙi. Wake, kuɓewa, alayyafo, kifi irin su sadin da titus, duk abokan tafiya ne. Hajiya ta rage manja a miya zuwa cokali biyu, Kawu ya yi ƙorafi na mako guda ya saba. Taba kuwa babu sassauci a kanta, shisha ma taba ce.

Akwai maganar kuɗi da mutanenmu ke jin nauyin faɗa. A Ingila, wanda bai kai shekara 60 ba kuma ba ya cikin waɗanda aka yafe wa, yana biyan fam 9.90 kan kowane magani a lokacin da nake wannan rubutu. Kala biyar ya zama fam 49.50 a duk karɓa. Alhali akwai takardar biyan kuɗin shekara gaba ɗaya, fam 114.50, wadda ke ɗauke duk magungunan da aka rubuta maka, kuma ana iya biyanta kashi-kashi. Na sha ganin waɗanda ke zaɓar wanda za su karɓa su bar saura saboda ba su san da ita ba, kuma maganin kolestarol ake fara bari, tunda rashinsa ba ya sa ciwon kai washegari.

Azumi ma ba hujjar ajiye shi ba ne. Sau ɗaya ake sha a yini. Atorvastatin da rosuvastatin ana iya shansu a kowane lokaci, da buɗa-baki ko da sahur, simvastatin kuma da dare. Ko mutum zai iya azumin kansa bayan bugun zuciya, wannan magana ce tsakaninsa da likitansa tun kafin watan ya kama.

Inda muka kwana

Kawu ya yarda na raka shi wurin likitan unguwa, bisa sharaɗin ba zan yi magana ba sai an tambaye ni. Da bakinsa ya faɗi cewa ya daina sha. Likitar ba ta yi masa faɗa ba. Aka ɗebi jini. LDL ɗin da ya sauka zuwa 1.8 ya koma 4.1, kusan inda yake a daren da aka kwantar da shi. Gwajin tsoka da na hanta lafiya lau. Da ya ga lambobin biyu a jere a fuskar kwamfuta, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, “Ikon Allah. Kuma ban ji komai ba.”

Aka canza masa zuwa rosuvastatin, aka fara da kaɗan, daga baya aka haɗa masa da ezetimibe. Gwajin da aka yi masa na baya-bayan nan 1.9 ne. Cinyoyin suna tsami har yanzu in ya yi awa goma a mota, amma yanzu yakan tsaya ya miƙe ƙafa, kuma da safe yana zaga Mountsfield Park sau biyu tare da wani abokinsa. Wata ukun nan da ya yi babu magani, babu wanda zai iya ce mana me suka bari a jijiyoyinsa. Wannan yana raina.

Wata mai zuwa zai tafi Zariya bikin 'yar ƙaninsa, zai yi mako shida. Mun karɓo maganin da zai ishe shi har ya dawo, na ce ya sa a jakar hannu, kada ya sa a akwatin da za a auna. Na san a can zai haɗu da masu ba shi shawara, kowa da sassaƙen da ya warkar da wani. Na ce, “Kawu, duk abin da aka ba ku, ku kira ni kafin ku sha.” Ya ce, “To, Malama nas.”

In akwai wanda aka taɓa sa wa sitent a gidanku, uba ko miji ko uwa, kada ku tsaya a tambayar “an sha magani?” domin amsar kullum e ce. Ku nemi ganin kwalin, ku duba ranar da ke jiki. In kun tarar da abin da na tarar, ku fara da tambayar me yake damunsa, sannan ku nemi ganin likita tare. In kuma nauyin ƙirji ya dawo, ko ciwon ya bi hannu ko muƙamuƙi, ko numfashi ya yi wuya da gumi, a kira 999 nan take, kada a tsaya neman wanda zai tuƙa mota.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.